Iyakar Ma Tana da Iyaka

A babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, daga sashe na 33 zuwa na 44, an jera haƙƙoƙin da kowane mutum yake da su a kan hukuma: rai, mutunci, walwala, shari'a ta adalci, sirrin gida da na saƙonni, addini, faɗar albarkacin baki, taro da shiga ƙungiya, zirga-zirga, kariya daga wariya, da mallakar dukiya. Yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, in mai ƙoƙari ne, zai zubo maka su tiryan-tiryan kamar jadawalin lissafi, domin haka darasin ilimin zaman ɗan ƙasa ya saba gudana: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su yi hadda, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Sashe na 45 kuwa, wanda shi ne ya faɗi yadda ake taƙaita waɗannan haƙƙoƙi, galibi jimla ɗaya ake ba shi a ƙarshen darasi, da murya irin ta jan kunne: amma fa kowane 'yanci yana da iyaka. Ra'ayina shi ne an kifa darasin. Wannan jimla da ake wucewa a guje ita ce ta cancanci mafi yawan lokacin ajin, kuma yadda ake faɗarta a yanzu tana iya fin rashin faɗarta illa.

Dalilin yana cikin abin da sashen ya ƙunsa. Bai ce hukuma na iya tauye haƙƙi duk lokacin da ta ga dama ba. In ba a lokacin dokar ta-ɓaci ba, ya ambaci sassa biyar ne kawai, daga na 37 zuwa na 41, wato sirri, addini, magana, taro da zirga-zirga, ya ce doka tana iya taƙaita su bisa sharuɗɗa. Dole abin ya zama doka, don haka umarnin baki daga wani mai muƙami bai isa ba. Dole ya zama don ɗaya daga cikin manufofin da aka ƙayyade: tsaron ƙasa, amincin jama'a, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu mutane. Sannan dole ya zama abin da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sai kuma abin da sashen ya yi shiru a kansa, wanda shi ma magana ce: bai taɓa sashe na 34 ba, don haka babu wata manufa, komai girmanta, da za ta halatta azabtar da mutum. Yaron da aka gaya wa cewa 'yanci na da iyaka aka tsaya nan, an miƙa masa rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya fi yi wa mai ƙarfi amfani. Duk wanda ya sha gabansa da kaki ko rawani ko bulala zai iya cewa ga iyakar nan, shi kuma ba shi da abin aunawa. Yaron da ya san sharuɗɗan yana da tambayoyi uku a aljihu: wace doka ce ta ce haka, don wace manufa, kuma shin ba a wuce gona da iri ba?

Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Gonar da ba ta da iyaka ba ta kowa ba ce. Gambar da aka dasa tsakanin gonaki biyu tana hana ka shiga ta maƙwabcinka, ita ce kuma take hana shi shigowa taka, kuma rigima tana tashi ne ranar da wani ya wayi gari ya ga an matsar da ita cikin dare. Abin da ake kai wa mai unguwa ƙara a kai ke nan: wane ne ya matsar, da izinin wa. Haka haƙƙi yake. Wanda bai san inda iyakar take ba, ba zai gane ranar da aka ci masa ita ba.

Tarihin shari'a a ƙasar nan cike yake da wannan jayayya, kuma abin sha'awa, ɗaya daga cikin shari'o'in farko a kan yara aka yi ta. Haƙƙoƙin nan sun shigo dokar Najeriya ne bayan hukumar Willink, wadda aka kafa a 1957 don duba fargabar ƙananan ƙabilu, ta ba da shawarar a rubuta su. Aka ɗauko salonsu daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta 1950, suka shiga kundin 'yancin kai na 1960. A daidai wannan lokaci, sa'ad da jam'iyyun NEPU da NPC ke fafatawa, Jihar Arewa tana da dokar yara da matasa ta 1958 wadda ta hana ƙananan yara shiga harkar siyasa. Aka ƙalubalanci dokar a shari'ar da aka sani da Cheranci da Cheranci a 1960, aka ce ta saɓa wa 'yancin magana da na taro. Babbar Kotun Arewa ta tabbatar da dokar, amma alƙali bai tsaya ga cewa gwamnati ta fi kowa sani ba. Ya shimfiɗa ma'auni: taƙaitawar ta zama ana buƙatarta don manufar da aka ambata, kuma kada ta zarce gwargwadon abin da ake son cim ma. Mutum na iya ganin hukuncin ya yi daidai, yana iya ganin ya yi wa masu mulkin wancan zamani daɗi fiye da kima. Kowanne ya zaɓa, da wannan ma'aunin zai yi gardama, kuma ɗan shekara goma sha huɗu, wanda dokar a kan irinsa aka yi ta, yana da abin cewa in an tambaye shi.

Shekaru arba'in da uku bayan haka, a watan Satumba na 2003, 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar cewa ba a karɓi izini ba. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro, wanda ke cikin dokar zaman lafiyar jama'a, ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A nan doka ce sukutum, an rubuta ta da sunan zaman lafiya, amma ta faɗi a sharaɗi na uku. Ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar da aka watsa wa hayaƙi a ranar shi ne Muhammadu Buhari, wanda gwamnatinsa ta soja ta kafa Doka ta 4 a 1984 aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kuma wanda gwamnatinsa ta farar hula ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Ban kawo wannan don a yi wa mutum ɗaya hisabi ba. Yana nuna wa yaro a sarari cewa kujera juyawa take, mai kafa iyaka yau shi ne mai kuka da ita gobe, don haka ma'aunin ba na wata jam'iyya ba ne.

Suka ta farko da ake yi wa irin wannan koyarwa, kuma wadda ta fi yawo a bakin iyaye, ita ce za a ɓata tarbiyya. A ce wa yaro yana da 'yanci, gobe a aike shi ya ce ba za shi ba, jibi ya ɗaga wa ubansa murya. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin kowa ya ga abin da kalmar 'yanci take zama a bakin wanda bai san komai game da ita ba sai sunanta. Sai dai maganin wannan yana cikin kundin da ake jin tsoro. Sashe na 35, wanda ya kare walwalar mutum, shi da kansa ya ce ana iya taƙaita walwalar wanda bai kai shekara 18 ba don iliminsa ko jin daɗinsa. Ma'ana, ɗalibin da ya ce ƙofar makaranta da aka rufe lokacin darasi ta tauye masa 'yancin zirga-zirga bai karanta sashen ba. Sashe na 24 kuma ya lissafa wajibai a kan ɗan ƙasa, ciki har da mutunta darajar wasu da haƙƙoƙinsu. Babi na huɗu asalinsa an yi shi ne don a sa wa hukuma linzami, ita da take da bindiga da kurkuku, ba a rubuta shi don ya raba ɗa da mahaifi ba. Yaron da zai yi rashin kunya da sunan 'yanci shi ne wanda aka ba jerin sunaye ba tare da sharuɗɗa ba, ko wanda ya tsinci kalmar a waya. Kuma tsintar zai yi, ko an koya masa a aji ko ba a koya ba. Zaɓin da ya rage wa iyaye shi ne ko ya ji ta daga malamin da zai haɗa masa ita da nauyinta, ko daga wanda ba zai haɗa ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi a wajen masu tunani: yaran sun yi ƙanana. Auna manufa da gwargwado aikin alƙalai ne, su ma sukan saɓa. Hatta John Stuart Mill, wanda a littafinsa na 1859 kan 'yanci ya kafa hujjar cewa ba a hana mutum abu sai don kare wani daga cuta, ya cire yara daga ƙa'idar tasa. Gaskiya ne, amma Mill yana magana ne a kan wa za a sakar wa mara ya yi yadda ya so, mu kuwa muna magana a kan wa za a fara koya wa aunawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Al'adarmu ta karatu ma ba ta yarda da wannan sukar ba. Shekarun ƙaramar sakandare, goma sha biyu zuwa goma sha biyar, su ne shekarun da yawancin yara ke balaga, alƙalami ya hau kansu. Tun kafin nan ake zaunar da su a gaban Ahalari da Ishmawi, ana koya musu hukunci tare da togacensa: azumi wajibi ne amma matafiyi da marar lafiya suna da rangwame, alwala sharaɗi ce amma in babu ruwa akwai taimama. Ana koya musu cewa larura tana halatta abin da aka hana, sannan a ƙara musu da cewa larurar ana auna ta ne gwargwadonta. Wannan shi ne ainihin tunanin da ke cikin sashe na 45, ƙa'ida, togace, da iyakar togacen. Ƙwaƙwalwar da ta ɗauki wannan da yamma a Islamiyya ba za ta kasa ɗaukarsa da safe a makarantar boko ba.

Akwai kuma amsar da ta fi wannan ɗaci. Hukuma ba ta jiran yaro ya girma kafin ta taɓa shi. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara masu yawa a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, galibinsu daga Kano da Kaduna, kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun, kuma sai da hotunan suka karaɗe duniya shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'o'i 24 da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sanin wannan ba zai buɗe ƙofar caji ofis da kansa ba. Amma a wancan watan na Agusta an ga fuskokin jahilcin nan biyu a titi ɗaya: yaran da suka ɗauka zanga-zanga ta ba su lasisin fasa shago da kwasar kaya, da yaran da aka tsare watanni ba su san an ci musu wata iyaka ba. Darasi ɗaya ne yake maganin duka biyun.

Suka ta uku ta addini ce. Wasu na ganin kundin kayan aro ne, Turawa suka shuka, soja suka girbe, tunda Janar Abdulsalami Abubakar ne ya kafa na 1999 da Doka ta 24, don haka cusa shi a zukatan yara kamar gogayya ce da abin da addini ya koya musu. Zancen asalin kundin gaskiya ne, kuma ya kamata yaran su san shi, domin wanda ya san cewa mutane ne suka rubuta doka ya san ana iya gyara ta. Amma tunanin cewa mai mulki yana da layin da ba zai tsallaka ba a kan ran talaka da dukiyarsa da mutuncinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun tattara manufofin shari'a a kan kare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ne ɗaya bayan ɗaya, ƙwacen dukiya, harajin da ba shi da tushe, cin hanci a wajen shari'a. Ba na cewa kundin 1999 da fiƙihu abu ɗaya ne. Suna da wuraren saɓani na gaske, musamman a kan iyakar magana game da abubuwa masu tsarki da kuma canza addini, kuma malamin da ya ɓoye wa ɗalibai wannan ya yaudare su. Abin da nake cewa shi ne ƙasa ce ta mutum fiye da miliyan 200 masu addinai daban-daban, kuma wannan takarda ita ce wadda kotu za ta buɗe ranar da rigima ta tashi. Masu addini sun fi kowa cin moriyarta. Ɗalibai mata Musulmi ne a Legas suka kai ƙara kan hana su sa hijabi a makarantun gwamnati: suka faɗi a Babbar Kotun jiha a 2014, suka yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar musu a Yunin 2022 da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu. Sashe na 38 ne ya tsaya musu. Wannan sashen kuma shi ne ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, kariyar da ɗan Kirista a Katsina da ɗan Musulmi a Inugu suke sha daga ƙwarya ɗaya. Da wuya a sami darasin da ya fi wannan nuna wa yaro cewa haƙƙin da yake nema wa kansa ba ya tsayuwa sai ya yarda da shi ga wanda ba ya sallah irin tasa.

Suka ta huɗu ita ce wadda ba ni da cikakkiyar amsarta. Ana cewa koya wa yaro abin da yake gani ana takewa kullum zai sa ya raina dokar gaba ɗaya. Ya karanta cewa ba a azabtarwa, yayansa ya dawo daga hannun hukuma da tabo. Ya ga an rubuta beli kyauta ne a bango, ya ga babansa ya sayar da akuya. Lokacin kullen korona a 2020, wanda misali ne mai kyau na taƙaita zirga-zirga don lafiyar jama'a, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 cikin makonni biyun farko wajen tilasta bin dokar. Haɗarin raina doka yana nan, ba na musu. Amma yaron ya riga ya ga tabon da akuyar, darasi bai ƙara masa ganin komai ba. Abin da darasin ya ƙara shi ne suna. Kafin nan abin da ya faru ƙaddara ce ko halin ƙasa, bayan nan ya zama saɓa wa sashe kaza, abin da sashe na 46 ya ce ana iya kai wa Babbar Kotu. Misalin kullen ma yana koyar da rarrabewar da ta fi kowace wuya: manufa tana iya zama halal, dokar ta zama daidai, amma hanyar aiwatarwa ta zama ta'asa. Ƙasar da soja suka mulka kusan shekara 29 tun bayan 'yancin kai ta gaji ɗabi'ar ɗaukar umarni a matsayin doka, kuma wannan ɗabi'a a aji ake fara gadonta.

A nan ne makarantar kanta take shiga cikin zancen. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa fuskantar wannan a 1969, a shari'ar Tinker, inda aka dakatar da ɗalibai a garin Des Moines, ciki har da yarinya 'yar shekara 13, don sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu suna adawa da yaƙin Biyetnam. Kotun ta ce ɗalibi ba ya rasa 'yancin magana don ya shiga makaranta, amma makaranta na iya hanawa in abin zai dagula karatu sosai ko ya shiga haƙƙin wasu. Dokarsu ba tamu ba ce, sai dai tambayar iri ɗaya ce, kuma tana nuna cewa dokokin makaranta su ne kayan gwaji mafi kusa da hannu. Me ya sa aka hana waya a aji, wace manufa hanin yake kare wa, shin ƙwace ta har ƙarshen zango ya yi daidai da laifin ko ya zarce? Yara za su yi wannan muhawara da zafi, kuma sau da yawa za su ƙare suna kare dokar da suka shigo suna ƙi, domin sun gano dalilinta da kansu. Amma makarantar da ta koyar da sashe na 36 da safe, cewa ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, sannan da rana ta zane aji guda saboda ba a gano wanda ya yi surutu ba, ta koyar da darussa biyu, kuma na biyun ne zai zauna.

Na san ajin da ake magana a kai: ɗalibai sun haura ɗari a wasu makarantun gwamnati, minti arba'in, malami ɗaya da wataƙila shi ma bai taɓa riƙe kundin a hannunsa ba, ga Turancin lauyoyi da ko babba sai ya yi da gaske. Wannan yana rage abin da za a iya yi, bai kai ya hana ba. Babi na huɗu shafuka kaɗan ne, ana iya bayyana shi da Hausa ko da jarrabawar da Turanci za a rubuta. Shari'o'i huɗu ko biyar sun isa zango guda in an ba da su a matsayin labari, a tsaya kafin hukunci, a ce wa yaran su yanke. Wurin da gyaran zai fi tasiri shi ne takardar jarrabawa, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Muddin tambayar ita ce lissafa haƙƙoƙi biyar, hadda za a ci gaba da yi. Ranar da masu tsara jarrabawar kammala aji uku suka rubuta cewa shugaban ƙaramar hukuma ya hana duk wani taro na wata shida saboda an yi faɗa a kasuwa ranar Laraba, suka ce ɗalibi ya faɗi haƙƙin da aka taɓa, manufar da za a iya kafa hujja da ita, da ko matakin ya yi daidai da girman matsalar, a wannan zangon malamai za su fara neman kwafin sashe na 45.